Ranar da Sai-Kun-Dawo Ya Hau Dutse

A tashar da motocin baƙi ke tsayawa babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Sai-Kun-Dawo ake ce masa, shi ma ya daɗe da daina musu. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk Asabar da Lahadi yakan kwashi iyalai daga masaukin baƙi a farar bas ɗinsa ya kai su wuraren shan iska: tafkin da ake tuƙa ƙananan jirage, filin da ake ba yara hayar keke, da dutsen bayan gari wanda kowa ke son a ɗauke shi hoto a samansa. In sun isa sai ya ja birkin hannu, ya sauko ya buɗe musu ƙofa, ya bi takalmin kowa da kallo, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "To, sai kun dawo."

Motar kamfanin lemo ya fara ja yana saurayi, har bayansa ya fara ƙorafi. Da ya koma ɗaukar baƙi sai ya tarar ashe aikin da aka halicce shi dominsa ke nan. Ƙarƙashin kujerarsa akwai tsintsiya, da filasta, da ledoji don yaran da mota ke juya wa ciki, da igiyar takalmi, da hulunan da baƙi suka manta shi kuma yake ara wa wasu baƙin. Tun kafin a fita daga gari ya san uban da zai ce a hau da gudu ya kuma dawo a ƙarshe, ya san uwar da za ta ce ba ta jin yunwa sannan ta cinye burodin yara.

Dutsen kuwa ya san shi kamar tsakar gidansa. Yakan gaya wa baƙi cewa akwai benci a tsakiyar hanya ƙarƙashin wata bishiya, akwai wani dutse mai kama da kunkuru inda ake hoto, kuma iskar can sama ba ta barin hula a kan kowa. Babban gargaɗinsa shi ne na tsagaggen dutse, inda hanya ta rabu biyu. Wasu baƙinsa sun taɓa ɓata a wurin suna saukowa, suka dawo da yamma liƙis suna faɗa da juna. Tun daga ranar ba ya sallamar kowa sai ya ce, "In kun zo tsagaggen dutse, hagu. Kada wanda ya ce muku dama."

Duk wannan a bakin masu dawowa ya tattara shi, yana miƙa musu ruwa yana yi musu tambayoyi. Shi kansa bai taɓa wuce allon da ke gindin dutsen ba. Ba wai ya ƙudura haka ba ne. Kullum akwai kakar da ba za ta iya hawa ba, ko jaririn da barci ya kwashe, ko jakunkunan da aka bar masa amana. Sai ya zauna a inuwa kusa da rumfar mai lemo yana gadi, Asabar ta bi Asabar, har furfura ta fito masa. Bai taɓa ce wa kowa ya hau ba. Bai dai taɓa cewa bai hau ba.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta na baranda. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka har yau Auta ake ce mata duk da 'ya'yanta sun girma sun bar gida. Tana da wa guda ɗaya a wani gari mai nisa, wanda kowa ke kira Yaya. Malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, amma usur ɗinsa bai yi ritaya ba, yana nan rataye a wuyansa. Yaya bai taɓa faɗin aibin mijin ƙanwarsa ba. Alherinsa ma bai taɓa faɗa ba. In an tambaye shi yakan ce, "Direba ne," ya yi shiru, kamar wanda ya gama bayani.

Wannan shirun ne ya daɗe yana cin Auta. Shi ya sa duk lokacin da suka yi waya sai ta san yadda ta yi ta jefa maganar. "Ai ba ya nan, Yaya, yana kan dutse. Duk mako sai ya hau. Baƙi har lambarsa suke nema." Ba ƙarya take ba a ganinta. Mutum ya fita da sassafe ya ce dutse za shi, ya dawo da yamma yana cewa wash, me za ta ɗauka?

Sai ga Yaya ya zo hutun ƙarshen mako, da matarsa Anti, da jikokinsu mata biyu. A daren da suka sauka, ana cikin cin abinci, ya ajiye cokali ya dubi surukinsa.

"Direba, gobe dutse. Kai za ka ja gaba."

Sai-Kun-Dawo ya ajiye lomarsa. Ya sha ruwa ya ce, "Yaya, ai da so samu ne. Matsalar mota ce, ba a barinta ba kowa."

"Mai lemo zai duba ta," in ji Auta. "Ba kai ka ce amininka ne ba?"

"Kuma an ce gobe akwai rana."

"Shi ya sa za mu fita kafin ta fito," in ji Yaya.

Auta ta shiga ɗaki ta fito da huluna masu faɗin baki da ta ɗinka wa kowa, yadi iri ɗaya, kowace da igiyar ɗaurewa a haɓa saboda iskar da mijinta ya sha ba ta labari. Ta ɗora masa tasa a ka da hannunta, ta ja da baya tana kallonsa, fuskarta kamar an kunna fitila. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar, ya rufe bakin. Ya ce a ransa, hanyar da yara ke bi suna tsalle, wadda ya fi kowa sanin labarinta, ai ba za ta gagare shi ba.

Da suka isa gindin dutse gari bai gama wayewa ba, babu mota ko ɗaya. Mai lemo na jera kwalabe a cikin ƙanƙara. Ya ga Sai-Kun-Dawo ya kulle bas, ya ɗaure hula a haɓa, ya nufi hanyar hawa. Kwalba ta kusa suɓuce masa.

"Lafiya? Wani abu aka sace aka gudu da shi sama?"

"Ka duba min mota," in ji direban, yana yi masa alama da ido.

"Kai ɗin ne za ka..."

"Na ce ka duba min mota. Ga surukina nan, ka gaishe shi."

Mai lemo ya gaida Yaya da ladabi, sannan ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Farkon hanyar ba laifi. Matakala ce ta siminti, sai Sai-Kun-Dawo ya samu bakin magana. Ya yi musu bayanin bencin da ke gaba, da kunkurun dutse, da yadda ake hango tafki daga sama kamar faranti. Auta na bayan Yaya tana ta cewa, "Ka ji ko, Yaya?" Da matakalar ta ƙare aka shiga tsakuwa, sai bayanin ya fara guntulewa. Takalminsa na tuƙi ne, ƙasansa sumul. Cinyoyinsa suka fara tambayarsa laifin da suka yi masa.

"Kaka Direba, me ya sa kake huci kamar motarka?" in ji ƙaramar jikar.

"Haka masana ke numfashi. Ke dai ki kalli gabanki, amaryar kwali."

Sai ga tsagaggen dutse. Da ya gan shi sai ransa ya yi sanyi, kamar ya haɗu da ɗan'uwa a baƙon gari. Ga shi nan yadda aka sha kwatanta masa, an tsaga shi biyu kamar da gatari, hanya ɗaya ta yi nan ɗaya ta yi can. Ta dama ta miƙe sama sosai. Yaya har ya sa ƙafa a kanta.

"Hagu, Yaya," in ji Sai-Kun-Dawo da muryar da bai taɓa yi wa surukinsa magana da ita ba.

"Ka tabbata? Wannan ce ta yi sama."

"Ita ke yaudarar mutane. Shekara nawa ina gaya wa baƙi. Hagu."

"Yaya, ka bi wanda ya sani," in ji Auta.

Abin da bai zo masa a rai ba shi ne, duk waɗanda suka ba shi labarin wurin nan saukowa suke yi. Hagun mai saukowa ita ke kai shi mota. Mai hawa kuwa, in ya bi tasa hagun, sai ta zagaya da shi bayan dutse.

Hanyar ta ɗan hau kaɗan don ta rufa masa asiri, sannan ta kwanta, sannan ta fara gangarawa a hankali. Anti, wadda tun daga matakala take addu'a ƙasa-ƙasa, ta ce ita kam wannan irin hawan ya yi mata. Babbar jikar ta tambayi ina bencin.

"Sun ɗauke shi gyara."

"Kunkurun fa?"

Ya waiga hagu da dama, ya nuna wani dutse da ke gefe. "Ga shi can."

Yarinyar ta karkata kai. "Wannan ai buhu ne."

"Ya kwantar da kai ne. Da safe haka yake."

Yaya ya fara juya usur ɗinsa tsakanin yatsu, yana kallon ƙwanƙolin dutsen da ke ƙara nisa a bayan kafaɗarsu.

"Ku dai jira iskar," in ji Sai-Kun-Dawo, don ya kawar da zancen. "In ta buso ku za ku manta da gajiya."

Iskar ta buso. Anti ta kai gefen hularta ta toshe hanci. Suka sha kwana, sai ga shingen waya, bayansa dogayen rumfunan kwano, cikinsu kaji ne fal suna ta surutu. Wani ma'aikaci da takalmin roba yana tura baro cike da abin da ya kawo warin. Ya ajiye baron ya tsaya yana kallon mutum shida da huluna iri ɗaya.

Yaya ya yi masa sallama ya ce, "Bawan Allah, nan ce hanyar saman dutse?"

"Nan gidan kaji ne, Baba. Saukowa kuke?"

"Hawa muke."

Mutumin ya share gumi. "To, masu saukowa dai suna ɓatowa nan jefi-jefi. Amma masu hawa, wallahi ku ne na farko. Wa ya nuna muku hanya?"

Kaji ne kawai ke magana. Sai-Kun-Dawo bai dubi Yaya ba, Auta ya duba. Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar hularta, kunnuwanta kamar za su kama da wuta. Yana da sauran ƙarya guda biyu a aljihu, ta cewa an canza hanya da ta cewa ya kawo yara ne su ga kaji. Ya auna su ya ga duk wadda ya ciro, Auta ce za ta tsaya tana kare ta a gaban wanta, ita da ba ta san komai ba.

Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Yaya, ni ban taɓa hawa dutsen nan ba."

"Yau, kake nufi?"

"Ko sau ɗaya. Ina kawo mutane, ina jiransu a ƙasa. Ita ba ta sani ba. Abin da na bari ta ɗauka shi ta gaya maka."

Auta ta ɗago. "Duk shekarun nan? Kana dawo min gida kana wash, wash, ina dafa maka ruwan zafi?"

"Jira ma da gajiya, Maman yara."

"Kada ka ce min Maman yara a gaban kaji!"

Ƙaramar jikar ta fashe da dariya, Anti ta make ta, sannan ita ma ta juya baya. Shi kuwa Yaya ya tako a hankali ya tsaya gaban surukinsa. Ya dube shi daga kai har takalmi. Sai-Kun-Dawo ya shirya jin abin da aka daɗe ana haɗiyewa.

"Ko sau ɗaya?" in ji Yaya.

"Ko sau ɗaya."

"Gudu fa? Kana yi?"

"In an biyo ni."

Wani abu ya motsa a fuskar Yaya, wanda Auta ba ta gani ba tun ranar da aka yi masa walimar ajiye aiki. Tun daga ranar babu wanda ya bari ya koya masa komai. Jikokinsa in ya ce a miƙe hannu sai su ce waya suke dubawa, Anti kuwa ta ce ita ta gama makaranta. Ga shi yau an kawo masa cikakken mutum, sabo fil, wanda bai san komai ba kuma ba shi da bakin musu.

Ya sa usur a baki ya busa. Kajin suka yi tsit, sannan suka rikice gaba ɗaya.

"A juya! Direba, kai ne a gabana. Ɗaure takalmin nan da kyau. Gajeren taku, ba irin na mai bin bashi ba. Numfashi ta hanci, fitarwa ta baki. Kada in ga ka dafa gwiwa."

Hawan da aka yi bayan nan, Sai-Kun-Dawo ba ya son a tuna masa. Sun koma tsagaggen dutse suka bi dama. Bencin yana nan inda aka ce, ba wanda ya ɗauke shi gyara, amma Yaya bai bari ya zauna ba, wai tsoka za ta yi sanyi. Kunkurun ma yana nan da kansa a miƙe, yaran suka tsaya suka tabbatar ya gan shi da kyau. Baƙi sun fara isowa, har wasu da ya taɓa ɗauka suka gane shi. Wata mata ta ce, "A'a, direba! Yau wa ke gadin jaka?" Bai samu numfashin amsa mata ba.

Auta ta ɗaure masa fuska duk tsawon hanyar. Sai dai a wani wuri mai santsi, da takalminsa ya zame, ya ji an riƙe masa bayan riga an tura shi gaba. Da ya waiga ta ɗauke kai tana kallon wata bishiya.

A sama iskar ta zo kamar yadda aka ce, har ta fi. Kowa ya ruga bakin ƙarfen kariya yana nuna tafki. Shi ya zube a kan dutse, ƙirjinsa na bugawa har cikin kunne. Da ya samu kansa ya rarrafa ya leƙa ƙasa. Bai nemi tafki ba. Can ƙasa ya hango wani farin abu kamar sabulun wanka a gefen bishiya.

"Motata ce can," ya ce. Ya ƙura ido. "Kai! Ashe haka rufinta ya yi datti? Ba wanda ya taɓa gaya min."

"Mutum ya hau har nan don ya kalli rufin mota," in ji Anti.

Yaya ya zo ya kama wuyan hannunsa, ya danna yatsu biyu yana kallon agogo. Ya jinjina kai. Sannan ya juya wajen ƙanwarsa, ya yi maganar da ƙarfi saboda iska.

"Auta, mijin nan naki yana da zuciya. Na ga matasa sun zauna sun yi kuka a abin da bai kai wannan ba. Shi ko sau ɗaya bai ce a koma ba."

"Ba shi da numfashin faɗa ne, Yaya."

"Duk da haka. Huhunsa lafiya lau, ƙafa ce babu. Ƙafa kuwa samunta ake yi." Ya saki hannun. "Ba za mu koma jibi ba. Zan ƙara mako biyu. Ki bar min shi."

Auta ta ce to, a hankali. Ta juya tana gyara igiyar hular ƙaramar jikar, wadda ba abin da ya same ta.

Da la'asar, a gida, Sai-Kun-Dawo na zaune a baranda kusa da keken ɗinki, ƙafafunsa cikin bokitin ruwan zafi, ƙwaurinsa na ƙamshin man zafi. Wannan karon da ya ce wash ba wanda ya yi masa gardama. Yaya na tsakar gida yana gwada ƙarfin igiyar shanya, wai za ta yi tsallen safe. Daga cikin ɗaki muryar Auta ke fitowa, tana waya da yayarta mace.

"Har can ƙoli, wallahi. Yaya da bakinsa ya ce yana da zuciya. Eh, Yaya dai da kika sani. Ya ce ya fi matasa." Ta saurara. "A'a, ba mu daɗe ba. Mun dai ɗan biya ta wata gona, yara suka ga kaji."

Ta leƙo ta taga, wayar na kunnenta, ta harare shi don kada ya sa baki. Shi kuwa ba shi da niyya. Ya lumshe ido ya ƙara nutsa ƙafa a cikin ruwan.

"Direba!" in ji Yaya daga tsakar gida. "Kana da gajeren wando?"